Ku Kawo Takalminsa

Yau da safe wata sabuwar nas ta ce min, "Sista, a bar majinyacin nan ya huta mana." Nan take na tuna marigayiya shugabarmu, wadda ta koya mana aiki a ɗakin masu ciwo mai tsanani.

Duk wanda aka kwantar, sai ta ce wa danginsa, "Ku kawo takalminsa." Akwai wani Alhaji ɗan Jakara, robar iska a hancinsa, ko kofi ba ya iya ɗagawa. Da likita ya amince, ta sa muka zaunar da shi a bakin gado. Matarsa ta taso mata: "Hajiya, so kike ki ƙarasa shi?"

Hajiya shugabarmu ta durƙusa, tana ƙamshin kanumfarin da take taunawa, ta zura masa takalmin da hannunta. "Kwanciyar ce za ta ƙarasa shi, 'yar'uwa. Ni ba ajiya aka ba ni ba."

Da ƙafarsa ya koma gida.

Na tura sabuwar nas ta karɓo takalmin majinyacin namu. Allah ya haskaka kabarinki, Hajiya. Muddin muna nan, ba wanda zai narke a gado muna kallo.