Igiyar Zomo da Rular Waya

A Bilbis na tashi, a hannun kakata Inna Hure. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i sai ta tura karan dawa cikin murhu, mu jikokinta mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. Inna ba ta iya tatsuniya cikin ruwan sanyi ba. Idan wani ya yi rashin kirki a labarin, faɗa take yi masa kamar yana zaune a gabanta.

Wadda ta fi tayar mata da rai ita ce ta rijiyar namun daji. Wai fari ya yi tsanani, suka haƙa rijiya. Gwaggon biri ya shiga ya auna zurfinta da dogayen hannuwansa, ya ce gaba goma ce. Aka ba zomo aikin tufka igiya. Zomo ya buɗe 'yan hannuwansa ya auna gaba goma, ya kawo. Aka zura guga, ko rabin rijiyar bai kai ba. Suka ce ya ƙara. Ya ce shi goma aka ce masa, goma ya yi, sai dai in rijiyar ce ta yi ƙarya. Ana cikin wannan gardama ƙishirwa ta kashe tsohon kunkuru.

"Ku ji mini ɗan banzan ga!" Inna za ta ce, tana dukan ƙasa da kara. "Mi za ya rage shi in ya tambaya, gaban wa aka auna?"

Mu dai dariya muke yi.

A bara ne na daina dariyar. Ina noman albasa a fadamar Bungudu, sai boris ɗin injin ban ruwana, wani zoben ƙarfe da sandar injin ke juyawa a cikinsa, ya lalace. Na kai shi wani shago a Gusau. Mai shagon ya ce ba shi da irinsa, sai an aiko daga Kano. Ya buɗe wata rula a fuskar wayarsa, ya ɗora boris ɗin a kai, ya karanta awon, ya aika. Na yi ta jira, albasa tana yaushi. Da kayan suka iso, sabon boris ya ƙi shiga.

'Yata Hadiza ce ta raka ni muka koma. Ta roƙi wayar ta duba, ta nuna mana cewa kafin a fara awo, sai an ɗora katin banki a fuskar wayar an daidaita rular da shi, domin kowace waya da girman fuskarta. Shi ko sau ɗaya bai yi ba.

Na zaci zai ce a yi haƙuri. Sai ya karɓe wayarsa ya ce, "Malam, waya ba ta ƙarya. Injinka ne ba daidai ba."

Na ɗauki boris ɗina, muka fita. Kafin in sami boris a wani wuri, rabin albasata ta ƙone.

Da ina yaro na ɗauka laifin zomo gajerun hannuwa ne. Ashe ba shi ne ya fusata Inna ba. Kowa yana iya kuskuren awo. Abin da ba ya yafuwa shi ne a nuna maka gaskiya ƙiri-ƙiri ka kafe, saboda ba kai ne kake jin ƙishirwar ba.