Yaya Dabo da Jinin Zabuwa

Yayana Dabo mutum ne da in ka ce masa ga rijiya a gabansa, sai ya zura ƙafa kafin ya yarda. Ni Rahamatu, ƙanwarsa da ke bi masa, na fi kowa shan wahalar wannan hali, don tun da mijina ya rasu gidansa na koma a Tafashiya. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da 'yar gyaɗa, amma in kana son ganin haƙoransa to yi masa zancen farauta. Da an gama girbi sai shi da abokansa su shige daji da karnuka, su dawo da zomo da gafiya, ran sa'a har da gada.

Mahaifinmu ya bar masa gona, ya kuma bar masa wata karya mai ɗige-ɗige da ake kira Zabuwa, wadda tsofaffin mafarauta ba sa gajiya da labarin gudunta. A wajenmu ta uwa ake bin jinin kare, uban ko wane ne ba a tambaya. Irin wannan jini kuma ba a sayar da shi. Kyauta ake yi, wanda aka ba kuwa, duk ranar da mai kyautar ya rasa, sai ya mayar masa daga cikin 'ya'yan. Tun ana murnar 'yancin kai, Dabo yana saurayi, yake riƙe da jinin Zabuwa, uwa ta bar 'ya, 'ya ta bar jika, bai taɓa yankewa a hannunsa ba. Shi ne abin taƙamarsa duk duniya.

Sai kuɗin man fetur suka zo, aka gyara titin Kano zuwa Katsina, tireloli suka fara gudu kamar an koro su. Wata ranar kasuwar Kankia karyarsa ta ƙarshe ta bi shi, tirela ta bi ta kanta. Ban taɓa ganin Dabo ya bar tuwo a kwano ba sai ranar.

Wuri ɗaya ya rage da jinin, rugar Bubayero, wani Bafulatani a gefen Kusada, wanda Dabo ya taɓa ba 'yar kwikwiya don ta tsare masa maruƙa daga dila da kura. Ta tsufa, amma Allah ya sa ta haihu a wannan shekarar. Dabo ya hau kekensa da sassafe, ya dawo da ɗan kwikwiyo a cikin buhu yana ta murmushi kamar ango. Na leƙa, na ga namiji ne.

Na ce, "Yaya, kai da kake cewa ta uwa ake bin jini, mi ya sa ka ɗauko namiji?"

Ya ce, "Matan ba su yi ƙwari ba tukuna. In sun ƙara kwana biyu in koma in ɗauko guda. Wanga shi za ya rage mani kewa."

Ya sa masa suna Bar-su, habaici ga masu cewa farautarsa ta ƙare. Ya gyara masa 'yar rumfa a bayan gida, sannan ya yi abin da mafarauta ke yi wa kowane sabon kwikwiyo: ya zaga da shi gidajen abokan farauta, ya ci a kaskon manyan karnuka, don su san warinsa kada su yayyaga shi a daji. A gidan abokinsa Gajere akwai wani kare da aka kawo daga Kano, wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Ba wanda ya kawo komai a ransa.

Ba a yi mako ba Bar-su ya ƙi abinci. Daga nan sai amai, sai zawo da jini, mai warin da ko ta bayan katanga ka bi sai ka toshe hanci. Idanunsa suka faɗa, ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Nan fa likitoci suka yi yawa a gidanmu. Wannan ya ce tsutsar ciki ce, a ba shi jar kanwa. Wancan ya ce baki ne, don an cika yabonsa. Gajere ya ce mai zawo ba a ba shi ruwa, ruwan ne ke ƙara masa. Dabo kuwa, mutumin da ba ya jin maganata ko da na haɗa da rantsuwa, duk wanda ya faɗi tasa sai ya gwada. Ɗan kwikwiyo yana lasar ƙasa don ƙishi, an hana shi ruwa. Haushi ya ishe ni, na ce in ba zai kai shi a duba ba, ni zan goya shi in kai, garin nan ya sami abin dariya.

Ranar kasuwa ya ɗauke shi zuwa Kankia, inda wani malamin dabbobi ke yi wa shanu allura. Na bi shi, don na san in ya je shi kaɗai rabin maganar zai kawo gida. Malamin, yaro ne matashi, ya duba daga nesa ya girgiza kai.

Ya ce, "Baba, ni maganin shanu aka ba ni. Amma na ji labarin cutar nan, sabuwa ce, tana ta kashe karnuka a birane. Ba ni da allurarta. A tafasa ruwa, a sa ɗan gishiri da sukari, a riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan. Kuma a killace shi. Kada wani kare ya kusance shi, ko ya taka inda ya yi kashi."

Maganar ruwa Dabo ya karɓa. Ni ke tafasawa, da sukarin kokona kuwa, shi ke tsugunawa ya buɗe ɗan bakin da yatsa ya ɗura da cokali. Ya amayar, a sake. Wankin hannu da canjin riga kafin kowace salla ya ishi Dabo har fatarsa ta yi fari. Na yi mita iyakar mita, amma gaskiya tausayin su biyun ya kama ni. Bar-su bai mutu ba, bai kuma tashi ba.

Sai wata safiya na ga ana ɗaura buhu a bayan keke.

"Ina za ka da shi, Yaya?"

"Kusada. An yaye shi da wuri, shi ne duk matsalar. Nonon uwa za ya tashe shi. Ko ɗan akuya in ya lalace ai ga uwarsa ake mai da shi."

"Malamin hwa ya ce a killace shi!"

"Yo uwa wani kare ce? Ina kika taɓa ganin ɗa ya cuci uwa tasa? Yaron da bai taɓa kiwon kare ba za ya koya mani?"

Na riƙe keken, ya ɓamɓare hannuna. Na bi shi har bakin zaure ina faɗa, maƙwabta na leƙe. Ya taka abinsa ya tafi. Bubayero, mutumin kirki, ya karɓe shi hannu biyu, aka kwantar da Bar-su cikin 'yan'uwansa a gindin uwar.

Bayan 'yan kwanaki Dabo ya koma ya ɗauko shi, ga shi yana tsayuwa, har yana lasar kunu. Ko nonon ne, ko ruwan gishirina, Allah ne masani. Dabo dai bai bar ni na sha ruwa ba. Duk inda na gifta sai ya ce, "Ina malamar dabbobi? Zo ki ga mataccenki shina kaɗa bindi." Na ci gaba da aikina, don wanda ya ga kamar ya ci nasara ba ya jin kira.

Ana cikin haka Bubayero ya iso da ƙafa, sanda a kafaɗa. Ya ƙi zama a tabarma, ya tsaya a bakin zaure. Ina daga ciki ina jin su.

Ya ce, "Malam Dabo, ba ƙara na kawo ba. Na zo in shaida maka kada ka sha rana zuwa ɗaukar macen. Babu ta. Duk sun tahi, ɗaya bayan ɗaya, da irin ciwon wancan. Uwar ita ce ta ƙarshe, jiya muka rufe ta."

Na jira in ji Dabo ya yi gardama kamar kullum. Sai na ji ya sallami Bubayero kawai. Ni da na yi ta tanadin "ai na faɗa maka", da ya shigo na ga fuskarsa, sai na ɗebo masa ruwa. Haushinsa nake ji har cikin ƙashina, ga shi kuma ba inda zan sauke.

Da Bar-su ya yi ƙwari, Dabo ya ɗaura masa igiya ya kai shi Kusada. Ya ce shi ya bar ruga ba kare, ga maruƙa a fili, ba zai riƙe wannan ya kwana lafiya ba. Bubayero ya ƙi, Dabo ya ɗaure igiyar a turke ya juyo.

Karen bai gane wannan hukunci ba. Ba a daɗe ba muka gan shi a bayan gida, ƙafafu duk ƙaya, yana kaɗa wutsiya a bakin rumfarsa. Dabo ya mayar da shi. Ya sake dawowa, aka sake mayarwa. A zuwa na ƙarshe Dabo bai ɗauko keke ba. Ya fito ya tsaya, karen ya taho da gudu zai hau jikinsa, sai ya sunkuya ya ɗebi duwatsu. Na farko ya faɗi gefe. Bar-su ya tsaya yana kallonsa. Na biyu ya same shi a haƙarƙari, ya yi ƙara, ya juya ya kama hanyar Kusada yana waiwaye. Dabo ya bi shi da jifa har bayan gari, yana kiran sunansa yana korarsa, hawaye na bin gemunsa. Da ya dawo ya rushe rumfar, ya ce in haɗa da karan in yi girki.