Jiragen da Baba Ya Ƙi Yarda an Ƙone

Shekarar da aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Bebeji, darasin da za a duba ni a kansa shi ne yadda Musulunci ya shiga Andalus. Na haddace shi tsaf: kwamandan da ya tsallaka teku da rundunarsa daga arewacin Afirka, ya yi ta cin garuruwa. Inda ya fi burge ni shi ne da aka ce suna sauka ya sa aka ƙone jiragensu, don kada kowa ya yi tunanin komawa.

Ana gobe mai dubawa zai zo, na zauna a ƙofar gida bayan la'asar ina bita da ƙarfi. Baba yana gefe yana gyaran ragarsa. Tun da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garinsu aka dawo da su nan, kamun kifi ne sana'arsa.

"Dakata," in ji shi. "Jiragen na waye?"

"Na rundunar mana, Baba."

"Mutanen da ka ce daga tudu suka taho? Aro suka yi. Wa ka taɓa gani ya ƙone jirgin aro?"

Na ce haka aka rubuta. Ya ce wanda ya rubuta bai taɓa riƙe filafili ba. Raina ya ɓaci. Ni so nake in kai ga masallatai da makarantun da aka gina, shi kuwa ya kafe a bakin ruwa. Da na matsa gaba, sai ya ɓullo da wata.

"To, mutanen garuruwan da aka ci, ina suka koma? Wa ya zauna ya koya musu alwala?"

Takardata ba ta ce komai a kan wannan ba. Na naɗe ta na shige ɗaki.

Washegari mai dubawa ya zauna a bayan aji da takardarsa. Komai na tafiya daidai har na zo kan jiragen. Wata ɗaliba, 'yar wani mai fito, ta ɗaga hannu.

"Malam, in an ji wa wasu rauni, da me za a mayar da su gida?"

Kafin in amsa, aji ya kaure. Rabinsu 'ya'yan masunta ne, kowa na faɗin kwana nawa ake yi kafin a haɗa kwalekwale ɗaya. Ina ta buga tebur har aka kaɗa ƙararrawa, ban ko taɓa batun yaɗuwar addinin ba. Mai dubawa ya ce ban iya riƙe aji ba, sai na sake.

Da na koma kwaleji a Kano, haushi ya kai ni ɗakin karatu don in samo abin da zan kayar da Baba. Sai na tarar masana tarihi da dama suna shakkar labarin ƙone jiragen. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Da na dawo hutu, sai da na yi sati biyu a gida kafin in iya faɗa masa. A bakin dam na same shi yana fitar da kifi. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To." Sannan ya miƙo mini kwandon karfasa, ya ce in hanzarta kai wa Inna kafin rana ta ɓata shi.