Ƙafar da nake taka keke da ita

Assalamu alaikum jama'a. Wata bakwai ban leƙo nan ba, har wasu sun ce na yi kuɗi na daina ɗinki. Ina fa! Jinya na sha.

Abin ya fara da ƙishirwa da yawan fitsari. Sai ƙaya ta soke ni a ƙafar dama ranar da na je Birchi gaida Inna. Ciwon ya ƙi warkewa.

Ni kuwa tun ina ƙarama ake yabona da haƙuri, har na mayar da shi sarauta. Kowa ya ce "Ya jiki, Hajara?" sai in ce da sauƙi. Haka na yi ta gaya wa maigidana wata biyu, ina ɗaure ƙafar da tsumma ina taka keken ɗinki.

Wari ne ya tona min asiri.

A asibiti a nan Dutsin-Ma aka gwada jinina, aka ce ciwon suga ne. Likita ya kwance tsumman, ya tambaye ni ya nake ji. Na ce da sauƙi.

Ya ce, "Malama, ba dubiya na zo ba. Gaya mani gaskiya."

Kullum safe wankin ciwo, ga allura, har tumakina biyu suka tafi a magani. Ƙarshe aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

A gadon kusa da ni akwai Maman Rifkatu, 'yar Jos mai sayar da abinci. Ita ma suga ne, amma tana ganin ɗan ƙurji ta garzayo asibiti. In ana wanke mata ciwo kowa sai ya ji ihunta, ana gamawa ta hau waƙar coci tana tsokanar nas. Ni ina cizon mayafi ina jin haushinta.

Wata rana ta ce, "Ƙanwata, wa zai ba ki kyauta kan wannan shirun? Yi kukanki mana."

Ranar na yi kukan da na shekara talatin ina haɗiyewa.

Ita da ƙafafunta biyu ta koma gida.

Alhamdulillah na warke, suga ya daidaita. Amma wallahi ina kewar kekena. In na ji maƙwabciya tana taka nata, sai in ji ƙafar da babu tana motsi.

Na gode wa maigida da Inna da ma'aikatan asibiti. Wanda ya san Maman Rifkatu ya gaya mata ina nemanta, lambarta ta ɓace min.

Ku riƙa gwada suga. Ciwon ƙafa in ya ƙi warkewa, ku kai shi asibiti da wuri.

In kuma kuna da mai haƙuri a gida, ku rage yabonsa, ku zaunar da shi ya faɗi inda ke masa ciwo. Ni yabo na yi ta sha har ya ci min ƙafa.