Ƙwan Ɗakin Inna

Shekarar da muka sa sola a gida, damina ta yi kyau a wajenmu, arewa da Minjibir. Bayan an ɗaure gero an kwashe gyaɗa, ƙanena da ke aiki a birni ya zo da faifan sola da batura a bayan a-kori-kura, tare da mai haɗawa. Turakun wutar gwamnati sun tsaya a bakin titi tun ina saurayi, ba su taɓa shigowa unguwarmu ba. Mai haɗin ya ja waya ya bar bakinta tana reto a kowane ɗaki, ya ce zaɓen ƙwayayen fitila namu ne, tunda mu muka san yadda muke zama a ɗakunanmu.

Na ɗauka aikin yini guda ne. Matata ce ta fara nuna mini ba haka ba ne. Ta ce na madafa ya zama mai murfin gilashi, domin hayaƙin kara zai baƙanta shi, gara wanda za ta cire ta wanke. Na ɗakinta kuwa akwai wani mai siffar fure da ta gani a gidan yayarta a Dawakin Tofa, shi take so, ba wani ba. Ni na zaɓi dogo fari na zaure, inda nake zama da maƙwabta tsakanin magariba da lisha. A shagon da na je a birni, mai kayan ya kunna mini su ɗaya bayan ɗaya har idona ya fara ruwa. Na ƙara da ƙarami na makewayi, da babba na tsakar gida.

Na tsakar gidan ya ba mu wahala. Mun fara rataye shi a saman inda muke shimfiɗa tabarma mu ci tuwo, sai ƙwari suka yi ta faɗowa cikin miya. Da safe na kafa gungume can kusa da darbejiya na mayar da shi, muka samu lafiya.

Saura ɗakin Inna, mahaifiyata. Tun rasuwar Baba take zaune a tsohon ɗakinta na ƙasa mai azara, ta ƙi komawa sabon ginin. Da na tambaye ta irin wanda take so, ta ce duk wanda na sa ya yi. Na saya mata ƙarami mai hasken ruwan ɗorawa, don na ga tsofaffi ba su cika son farin haske ba. Da aka idar da sallar magariba na ɗaura shi na danna makunni. Ɗakin ya cika da haske, har jeren kwanukanta na sama suka fito.

Tana zaune a bakin gado, ta ɗaga kai ta ce, "To, kunna mana mu gani."

Na ce, "Inna, ai a kunne yake."

Ta ce, "Au, haka ne. Amma bai da ƙarfi. Gara aci-balbal ɗina."

Na yi dariya, na ce tsufa ne da ƙin sabon abu. Ranar kasuwa na samo wanda ya fi shi girma. Ta ce shi ma kamar wata ne a bayan hadari. Daga nan na ciro dogon nan na zaure na kawo mata, wanda in ka kunna shi za ka iya tsintar allura a ƙasa. Ta dubi wajen da yake, ba shi kansa ba, ta ce wannan da dama-dama, Allah ya yi albarka.

Da na fito, matata ta biyo ni har bakin rijiya. Ta ce, "Malam, ba ƙwan ba ne. Na daɗe ina so in faɗa maka. In zan shiga ɗakinta sai na yi magana take sanin ni ce. Buta ma lalube take yi. Ta roƙe ni kada in gaya maka."

Yayar Inna ta makance tun ina yaro, ciwon kai ya fara mata, daga nan ganin ya tafi bai dawo ba. Inna ce ta riƙa yi mata jagora har ta rasu. Na koma ɗakin na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

Na ce, "Inna, tun yaushe?"

Ba ta yi musu ba. Ta ce tun wajen shukar bara ta fara ganin kamar hayaƙi, kullum yana ƙara kauri. Ta ce, "Na ga yadda yayata ta ƙare. Na ce bari in yi shiru in koyi ɗakin nan da hannu tun ina ɗan gani, kada in zame muku nauyi."

Na ce gobe za mu je birni. Ta ce abin da Allah ya rubuta ba likitan da zai goge shi. Na ce haka ne, amma mu je a faɗa mana abin da aka rubuta ɗin. Ta yi murmushi, ta ce to.

Da sassafe muka hau bas. Duk tsawon hanyar carbinta kawai take ja, ni kuma ina ta tunanin yadda za mu gyara ƙofar ɗakinta da hanyar makewayi in abin ya tabbata. A asibitin ido muka tarar da layi, yawanci tsofaffi da 'ya'yansu. Likitar da ta duba ta mace ce, ba ta kai matata shekaru ba. Ta haska idon, ta auna, ta tambayi labarin yayar Inna dalla-dalla. Sannan ta ajiye kayan aikinta ta ce, "Mama, naki ba irin nata ba ne. Yanar ido ce ta rufe miki gani, amma idon da lafiyarsa a ciki. Ana cire ta, in sha Allahu za ki gani."

Inna ta juyo wajen da take jin numfashina ta ce, "Me ta ce?" Ta ji sarai, so take a maimaita. Na maimaita mata. Sai na fito waje na kira ƙanena na faɗa masa.

An fara yi mata ido ɗaya, bayan ya warke aka yi ɗayan. Ranar da aka cire auduga ta farko, ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ashe haka ka yi furfura, ba wanda ya gaya mini." Ma'aikaciyar jinyar ta yi dariya, ni kuwa na ce alhamdu lillahi.

Da muka dawo gida, dogon ƙwan nan ya zama abin faɗa. Ta ce wa ya rataye mata rana a ɗaki. Ta ga yanar gizo a azara, ta ga inda gara ta ci bango, ta sa aka share aka yaɓe. Ta bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya tana duba abin da muka zaɓa. Na madafa ta yaba. Mai furen nan na matata ta ce yana da kyau amma zai tara ƙura. Na makewayi ta ce an sa shi inda mutum ke tare wa kansa haske, kuma da na duba gaskiyarta ne, na matsar da shi.

Ranar da muka koma asibiti dubawar ƙarshe, ta ce in kai ta shagon, da kanta za ta zaɓa. Mai kayan ya ba ta kujera, ya ce, "Hajiya, wanne za a kunna miki?" Ta ce duka. Ta sa ya kunna ya kashe, ya kunna ya kashe, ba ta gaggawa. A ƙarshe ta nuna wani na jikin bango mai 'yar rumfa a kansa, wanda haskensa ke sauka ƙasa ba ya dukan ido. Ta ce a kafa shi gefen gado, makunnin kuma a sauko da shi inda hannunta zai kai tana zaune.

A bas ta ƙi yarda a sa kwalin a but, a cinyarta ta riƙe shi. Ta zauna ta wajen taga. Tun da muka bar kwalta mai faɗi take nuna mini gonaki, tana faɗin ta wane ce wannan, wa ya bar karansa bai kwashe ba, wa ya fara kai taki da wuri. Da muka zo gonarmu ta ce in gaya wa direba ya tsaya nan, sauran hanyar da ƙafa za mu ƙarasa. Muka sauka. Ita ce a gaba, ina biye da ita da jakarta.