Ɗige-ɗigen da Ban Tambaya Ba

Edita, a ƙarshen shekarun tamanin ni ne mai duba rubutun Turanci a wata ƙaramar maɗaba'a kusa da unguwar Kongo. Ɗan Ƙofar Gayan ne ni, na gama kwalejin horon malamai, ina ji da kaina fiye da kima. Ranar da mai maɗaba'ar ya tambaye ni ko na san alamomin gyara da marubuta ke yi a gefen takarda, na ce masa ai wannan tuni na wuce wurin. Gaskiyar magana uku na sani: ta sharewa, ta ƙara kalma, da ta raba kalmomin da suka manne. Sauran kintace nake yi, yana kuma yawan faɗawa daidai, har na fara ɗauka ilimi ne.

Wani tsohon hedimasta daga Ƙofar Jatau ya kawo mana tarihin rayuwarsa da ya rubuta da Turanci. Muka ba shi bugun gwaji, ya dawo da shi bayan mako biyu cike da jan biro. Aikina shi ne in kwashe gyaransa in mayar a kan kwafi mai tsabta, in miƙa wa dattijon da ke haɗa haruffa. A shafin godiya akwai sakin layi guda a kan yayansa, wanda ya bar karatu ya zauna a kan keken ɗinki don ƙanen ya yi makaranta. An ja layi a kansa gaba ɗaya. A ƙarƙashin kalmomin kuma akwai ɗige-ɗige a jere, da wata 'yar kalma a gefe da ban taɓa gani ba. Dattijon nan yana taku biyu daga teburina, amma yaya mai satifiket zai tambayi wanda bai gama firamare ba? Na ce a raina malam wasa yake da biro, na cire sakin layin.

Ashe shi da yayan nasa sun shekara ba sa magana saboda wata katanga a gidan gado. Cikin fushi ya soke godiyar, da ya huce sai ya sa ɗige-ɗigen, ma'anarsu a bar rubutun yadda yake. Da littafin ya so ya nemi sulhu. Kwafin farko ma bai buɗe ba ya aika wa yayan. Aka karanta wa tsohon tela shafin, ya ji an gode wa sufetoci da abokan aiki har da maɗaba'armu, babu shi. Ya mayar da littafin ba tare da saƙo ba.

Da labarin ya iso mana, na zana ɗige-ɗigen a wata takarda na nuna wa dattijon nan mai haɗa haruffa kamar ina gwada shi. Ko ɗagowa sosai bai yi ba ya faɗa mini ma'anarsu. Na zare shafin bugun gwajin daga fayil na cusa a aljihu. Hedimastan ya zo da hantsi, bai ɗaga murya ba, ya nemi a nuna masa bugun gwajin. Na ce shafin ya bi tarkacen da masu ƙosai ke kwashewa, kuma ni layin sokewa kaɗai na gani. Ya daɗe zaune yana juya hularsa a hannu. Sannan ya ce wataƙila a zuciyarsa kawai ya yi gyaran hannunsa bai yi ba, tsufa ya zo. Ya roƙe ni in yafe masa zargin da ya yi mini, ni kuwa na buɗe baki na ce ba komai.

Yayan bai yarda da bayaninsa ba, don babu shaida. Shaidar tana aljihuna. Shekara ba ta zagayo ba yayan ya rasu. Na je jana'izar na tsaya can baya, na kasa yi wa hedimastan gaisuwa.

Kuskuren farko jahilci ne, tambaya ɗaya ta isa ta kawar da shi. Na biyun kuwa da sanina na yi, shi ne har yau yake sa ni sunkuyar da kai. Duk wanda aka damƙa wa rubutun wani, idan ya ga alamar da bai sani ba ya tambaya, ko da masinja ne zai faɗa masa. Idan kuma ya riga ya yi ɓarna, ya fito da takardar tun masu ita suna raye. Ni na bari har su biyun suka tafi, yanzu babu wanda zan nuna wa.