Dakata, Tana Tunani

Shagon Malam Dakata bai fi wurin ajiye gado ɗaya ba. Tebur ne da benci, da kujerar da ƙafarta guda ke tsaye bisa guntun katako, sai kwamfuta da firinta. A layin bayan kotu yake, tsakanin mai ɗaukar hoton fasfo da mai gyaran takalma. A nan ya yi shekara ashirin da ɗaya yana buga wa jama'a takardu: ta neman aiki, ta barin aiki, ta ƙorafi, da irin wadda ake farawa da "Bayan gaisuwa mai yawa" a ƙare da "mu haɗu a gaban alƙali."

Kwamfutar ce ta jawo masa sunan. Fara ya saye ta, amma shekaru sun mayar da ita launin haƙorin mashayin shayi. In ya danna mata maɓalli sai ta yi tari, ta yi nishi, fankarta ta kama ƙara kamar keken ɗinki, sannan ta shiga nazarin ko yau ranar aiki ce. Minti ashirin cur kafin ta buɗe ido. Ga shi ba ta jure zama a kunne, in ta daɗe sai ta sandare, don haka kashe ta yake yi bayan kowane aiki. Duk wanda ya shigo da gaggawa, amsa ɗaya yake samu: "Dakata, tana tunani."

To su kuwa masu zuwa buga takarda a bayan kotu, galibinsu da wuta suke shigowa. Shi kuma Malam Dakata, ba don wata hikima ba, don kunyar shirun da ke biyo baya, sai ya gyara tabarau ya ce, "To, wai me ya faru ne?" Mutum ya fara zuba. Ya zagi mai gidan haya, ya zagi kakan mai gidan haya, can ya tuna ranar da mai gidan ya kai matarsa asibiti a motarsa. Kafin allon ya kawo haske murya ta sauka. "Malam, bari dai in je in dawo." Ba ya dawowa. Malam Dakata ya bi bayansa da kallo ya yi tsaki, ya harari kwamfutar. A wurinsa ta sake korar masa ciniki ke nan.

Babban wanda ta fi kora shi ne ƙanensa, Auta. Shekararsa hamsin da uku, furfura har a gira, amma Auta yake tun da bayansa ba a sake haihuwa ba. Direban motar 'yan makaranta ne, shekara ashirin da takwas, saura biyu ya yi ritaya ya fara cin fanshonsa. Kusan duk wata uku sai ya faɗo shagon yana huci.

"Yaya, rubuta! Yau na bar musu aikinsu."

"Zauna, Auta. Tana tunani."

"Ta yi ta tunanin! Ni na gama nawa."

Sai ya zauna a bencin ya kawo labarin shugabar makaranta daga farko, da yaron da ya yi masa amai a kujera, da iyayen da ke kiran wayarsa kamar shi ya haifa musu. Ya duba agogo. "Kai, an kusa tashi, bari in kwaso yaran nan. Gobe da sassafe zan zo." Takardar barin aikin Auta ta fi shekara goma tana jiran wannan goben.

Ana nan sai aka buɗe sabon shago a tsallaken titi, da gilashi da kujerun roba masu launi. Kafin ka gama zama an miƙo maka takardarka da ɗuminta. Matar Malam Dakata, da ke kawo masa abincin rana, ta leƙa can ta leƙo nan.

"Malam, in wancan jirgi ne, naka fa sai dai a ce gadon jinya."

Maganar ta zauna masa. Ran Asabar ya naɗe akwatin kwamfutar a tsohon bargo, ya rungume shi kamar mai kai tsohuwa asibiti, ya nufi wurin Likita. Likita mai gyaran kwamfuta ne a ƙarshen layi, sa'ansa ne, kuma bai taɓa duba na'ura ba tare da ya fara jajanta wa mai ita ba. Ya kwance murfin, ƙura ta taso ta sa su atishawa tare.

"Sannu, Malam. Wannan ai ba gyara take so ba, addu'a take so."

"Ka dai duba ta, Likita. Da ita na aurar da 'ya'ya uku."

Likita ya hure ta da iska, ya zaro wani ƙadangare da ya rasu tun ba a san shekarar ba. Ya ƙara mata memori biyu, wato 'yan allunan da take riƙe aiki a cikinsu. Ya cire tsohon faifan ajiyarta mai gurnani ya sa sabo, ɗan mitsitsi, marar motsi. Ya ɗaga furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ya kankare busasshen man da ke kanta, ya shafa sabo fari kamar man goge baki, ya ɗora mata fanka mai faɗin faranti. Sannan ya kunna, ya yi ta danna wani maɓalli har wani shuɗin shafi cike da lambobi ya bayyana.

"Ka ga nan? Masu ƙera ta sun ɗaure mata ƙafa ne don kada ta yi zafi. Ni kuma zan sassauta igiyar." Ya ɗaga lambar gudunta kaɗan, ya gwada, ya ƙara, ya gwada, yana taɓa jikinta da bayan hannu kamar mai auna zazzaɓi. Ya tsaya. "Iyakarta ke nan. Ka ga yadda ake shiga, amma kada ka kuskura ka wuce wannan lambar. Ka wuce, ta yi zafi ta suma. In da ƙarar kwana ma ta tafi gaba ɗaya."

Ran Litinin Malam Dakata ya danna maɓalli, ya juya zai rataye hularsa, ya juyo ya tarar da ita ta farka tana kallonsa. Har ya ɗan tsorata.

Makon nan ba wanda ya zauna a benci ya ɗumama shi. Wata mai gidan burodi ta zo a fusace, cikin minti huɗu ta fita da takardar korar ma'aikacin da ya yi mata shekara goma sha biyu. Wani magidanci ya buga wa yayansa wasiƙar da ko maƙiyi sai ya yi tunani kafin ya aika masa. Malam Dakata yana ta murmushi, yana sa hannu a baya yana leƙen shagon tsallake. Ran Alhamis magidancin ya dawo, ido ja, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, wannan na'urar taka, tana iya goge takardar da aka riga aka kai?"

Mai gyaran takalma ya ɗago daga aikinsa ya ce, "Da can dai hannunka da albarka, Malam. Mutum ya shigo da rigima ya fita da salama. Ban san me ya same ka ba."

Malam Dakata ya juya ya kalli kwamfutar. Shi dai bai san yana da wata albarka ba, kuma bai ji lokacin da ta fita ba.

Ran Juma'a da hantsi sai ga Auta, makullin mota a hannu yana kaɗa shi.

"Yaya, rubuta! A gaban yara shugaba ta ce min na tsufa da tuƙi. A gaban yara! Na ji an ce an yi wa tsohuwar nan aiki, yanzu ƙiftawa da bismilla take yi. To yau ba zama."

Bai ko kalli bencin ba. Malam Dakata ya dubi ƙanensa, ya dubi maɓallin. In ya buga, minti huɗu takarda ta fito. Minti goma, tana kan teburin shugaba. Shekara ashirin da takwas da fansho su bi iska, kuma da hannunsa. In ya ƙi bugawa, ga shagon gilashi can a tsallaken titi.

"Bari in saita ta," in ji shi. Ya danna, ya shiga shuɗin shafin nan. Ya nemo lambar Likita. Ya ɗaga ta ɗaya, ya ɗaga biyu, ya ce a ransa, ki yafe ni, ya ɗaga har sau shida.

Ta tashi kamar an tsikare ta. Fankar ta kama ihu, takardun tebur suka fara rawa.

"Ka ji inji!" in ji Auta. "Rubuta: Ni, direban da kuka raina..."

Malam Dakata ya buga "Ni, direban". Allon ya daskare, ya yi wani irin kore, ya yi baƙi. Wari kamar na robar da aka manta a kan murhu ya cika shagon.

"Me ya faru kuma?"

"Ta suma. Sai ta huce."

"Har yaushe?"

"Rabin awa, in Allah ya sa da sauran numfashi. Zauna, Auta." Ya cire tabarau ya goge. "Wai me ya faru ne?"

Auta ya yi tsaki, ya zauna. Ya fara daga farko. Ashe madubin gefe ya goga a ƙofar makaranta, karo na biyu a wata guda, kuma shugabar cewa ta yi ya je a duba masa ido, makaranta za ta yi masa tabarau. Ya zage ta, ya zagi ƙofar, ya zagi wanda ya gina ƙofar. Can ya karɓi tabaran yayansa ya maƙala, ya kalli kalandar bango.

"Ashe akwai rubutu a ƙasan hoton nan?"

Ya duba agogo ya miƙe. "Yau da wuri ake tashi. Gobe zan zo, Yaya."

"Allah ya kai mu."

Likita ya zo da yamma ya shinshina akwatin, ya kalli lambar, ya kama haɓa. "Malam, kai da tsohuwar nan wa ya yi wa wani laifi?" Ya sake mata mai, ya mayar da lambar inda take. Ta rayu, kuma har yau babu mai gudunta a layin, har da ta masu gilashi.

Abu ɗaya Malam Dakata ya sauya. Ya juya teburin, allon ya koma kallon bango, na benci bayansa kawai yake gani. In mai neman aiki ne, minti huɗu ya sallame shi. In kuwa mutum ya shigo yana huci, sai ya danna maɓalli, ta farka nan take ta zuba masa ido, shi kuma ya naɗe hannu ya girgiza kai cikin takaici.

"Dakata," in ji shi. "Tana tunani."